Daga Litinin Zuwa Lahadi: Mako Guda a Ajin Mishan na Ƙasarmu

A yau za mu ɗan ajiye nazarin da muka saba yi aya bayan aya, mu waiwayi tarihin wani ƙaramin ɗaki wanda gidajen masu bi da yawa a ƙasar Dukku, da Rijau, da Zuru, da Salka suka bi ta cikinsa, ko ta wurin kaka ko ta wurin uba. Wannan ɗaki shi ne ajin makarantar mishan. Ginin kansa ba abin kallo ba ne. Bangon ƙasa ne da jinka, a wani ƙauyen ma inuwar ɗorawa ce da itace a kwance domin zama. Abin da muke so mu bi sawunsa shi ne mako guda na yaron da ke zaune a ciki: me ya koya, da wane harshe, wa ya koya masa, kuma ina wannan mako ya tafi a zamaninmu.

Sai mu fara da yadda makarantar ta iso mana, gama ta makara a hanya. A Badagry, can bakin teku, masu mishan sun buɗe makaranta tun shekarun 1840. A Lokoja an yi ta a shekarun 1860, a zamanin Samuel Ajayi Crowther. A ƙasarmu kuwa lokacin nan zamanin yaƙi ne. Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora, daga baya ɗansa Ibrahim ya hau sarautar, hare-haren kamun bayi suka sa kakanninmu da yawa suka hau duwatsu ko suka kewaye garuruwansu da ganuwa. Turawan Ingila sun ci Kontagora a 1901, amma ko bayan wannan gwamnatinsu ba ta sakar wa masu mishan hanya a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Sai an nemi izini, sau da yawa kuma a jira shekaru.

Mishan ɗin da ya fi taɓa yankinmu ya fara ne a ƙasar Nupe. A. W. Banfield, mutumin Kanada, ya kafa tasha a Shonga a 1905. Shi ne ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nupanci, ya kuma kafa wurin buga littattafai. Daga can aikin ya yi ta hawowa arewa a hankali: Jebba, Mokwa, sai Salka a ƙasar Kambari a 1923, sai Zuru a ƙasar Dakarkari a 1925. Daga baya aka kafa Tungan Magajiya kusa da Rijau, inda aka yi asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa. Ikkilisiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce UMCA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1955. Fadocin Katolika su ma sun shigo ƙasar Kontagora da nasu makarantu. Idan muka lissafta daga Badagry zuwa Salka, za mu ga tazarar shekara wajen 80. Wannan tazara tana cikin dalilan da suka sa har yau muke bin wasu sassan ƙasa a baya wajen boko.

Aji iri biyu ne aka yi a zamanin Turawa, ya kamata mu bambanta su. Akwai makarantar elementare mai rajista, wadda jami'in ilimi na gwamnati yakan zo ya duba, irin wadda ake samu a tashar mishan. Akwai kuma ƙaramin ajin ƙauye na koyar da addini, wanda aka fi sani da gajeren sunan CRI. An yarda a koyar da addini a cikinsa, da karatu da rubutu cikin harshen ƙasa, amma ba a ɗauke shi cikakkiyar makaranta ba. Yawancin kakanninmu da suka iya karatu a irin wannan aji suka koya. Malaminsu kuwa ba Bature ba ne. Mai bishara ne ɗan ƙasa, wanda shi kansa bai daɗe da koyon karatu ba. Shi ne malami da safe, manomi da rana, mai wa'azi ran Lahadi, mai wanke gyambo duk lokacin da aka kawo. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen Turawa da yawa, na waɗannan malamai kuwa sai a bakin tsofaffi. Idan akwai tsoho a gidanku, ku tambaye shi sunan wanda ya fara nuna masa baƙi, ku rubuta ku ajiye.

To, mu shiga cikin makon. Abu na fari da aji ya kawo shi ne ƙararrawa: guntun ƙarfe a rataye a reshen itace, yaro ya buga shi da wani ƙarfen. Kafin nan lokaci a ƙauye na rana ne da damina da ranar kasuwa. Ba wanda yakan ce wa yaro ya makara sai dai in awaki sun riga shi fita. Maƙwabtanmu Musulmi suna da nasu tsari tun da daɗewa, gama makarantar allo takan fara ran Asabar ta tashi ran Laraba, a huta Alhamis da Jumma'a. Makon ajin mishan ya fara ran Litinin, kuma dukan abin da ake yi a cikinsa yana fuskantar Lahadi ne.

Da sassafe yara sukan share fili da tsintsiyar da suka ɗaure da hannunsu, a ɗebo ruwa a cika randa. Sai a yi layi, malam ya bi yana duba farce da haƙora da kai, ya ga wa ke da ƙazuwa, wa ke da makero. Mai dauɗa a tura shi rafi. Bayan wannan sai addu'a da waƙa daga Littafin Waƙoƙi, sa'an nan malam ya ba da ayar haddacewa ta wannan mako. Yakan faɗa, yara su amsa, ya sake faɗa, su sake amsawa, har ta zauna. Yaro zai ɗauki ayar nan ran Litinin ya yi ta juya ta a baki a hanyar rafi da wurin kiwo, gama ya san za a neme ta a hannunsa kafin mako ya ƙare.

Darasin karatu shi ne zuciyar ranar. Ana farawa da wasula biyar, sa'an nan a haɗa su da baƙaƙe: ba, be, bi, bo, bu. Takarda tana da tsada, saboda haka allon farko na yaro ƙasa ce. Ya share wuri da tafin hannu, ya zana da yatsa ko da tsinke, malam ya bi ya duba, a goge a sake. Wanda ya ci gaba sai a ba shi allon dutse da alli. Fensir da littafin rubutu na manya ne, ana kuwa riƙe fensir har ya zama guntun da yatsa ba ya iya kamawa. Abin da ya taimaki wannan hanya shi ne rubutun Hausa na boko yana bin furuci. Da zarar yaro ya gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa, zai iya kama kalmar da bai taɓa gani ba ya furta ta. Turanci ba haka yake ba. Shi ya sa malamin da ba shi da takardar shaida ya iya fitar da masu karatu a ƙarƙashin itace.

Akwai kuma abin da ake karatun dominsa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka daɗe suna yi. Tun daga lokacin nan burin ajin ƙauye ya zama a fili: yaro ya kai inda zai buɗe Bisharar Markus ya karanta da kansa. A ikkilisiyoyi da yawa na Arewa akan so mai neman baftisma ya iya karatu tukuna, ko aƙalla a ga yana ƙoƙari. Wasu suna ganin an tsananta, musamman ga tsofaffi, muna kuma jin nauyin maganarsu. Amma wannan doka ce ta sa mata masu goyo da magidanta masu furfura suka zauna a kan itace ɗaya da 'ya'yansu. Mun tuna da mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8, wanda yake da littafin Ishaya a hannu yana bukatar mai bayyana masa. Kakanninmu sun bukaci mataki ɗaya kafin nasa, wato wanda zai nuna musu baƙaƙen.

A nan ne ya kamata mu daɗe kaɗan, domin akwai abin da aka biya. Yaron da ya shigo aji daga gidan Dukawa, ko Kambari, ko Dakarkari, da harshen uwarsa ya shigo. A bakin ƙofa aka karɓe shi da Hausa. Masu mishan na farko sun gwada harsunanmu, har an buga wani yanki na Littafi cikin harshen Dakarkari da na Kambari tun farkon shekarun 1930. Amma harsunan yankin suna da yawa, ma'aikata kaɗan ne, ga kuma Hausa a shirye da cikakken Littafi da littafin waƙoƙi, ita ce kuma harshen kasuwa da na hukuma. Sai Hausa ta ci aji, ta ci sujada, ta ci makarantar horar da masu bishara. Ribar a fili take. Bakambare da Badukke da Badakkare suka iya zama a taro ɗaya su raira waƙa ɗaya, ga mu nan ma muna magana da ku ta rediyo da ita. Amma yaro ya koyi wani darasi da ba a rubuta a allo ba: cewa harshen gida na gona ne da tatsuniya, in za a yi magana da Allah sai a sake harshe. Akwai tsofaffin mata da suka yi shekaru suna haddace ayoyi daidai, ma'anar kuwa rabi-rabi take iso musu. A zamanin Nehemiya, sura 8, da aka karanta wa jama'a Shari'a, Lawiyawa sun bi suna bayyana ma'ana har mutane suka gane. Malaman kirki na ajin ƙauye sun yi haka, sukan karanta da Hausa su juya da harshen gari. Waɗanda aka kawo daga wata ƙabila ba su iya ba.

Lissafi yakan biyo bayan karatu, da tsakuwa da guntayen kara. Ana ƙirga anini da kwabo da taro da sisi da sule. Iyayen da ba su damu da addinin malam ba sun ga amfanin wannan da wuri. Yaro mai lissafi yakan tsaya kusa da sikeli ranar sayar da gyaɗa ko auduga, yakan karanta takardar haraji ya ga ko abin da aka karɓa shi ne aka rubuta. Ga kuma wasiƙa. Ƙasar Zuru ta ba da sojoji da yawa, a Yaƙin Duniya na Biyu ma 'yan Nijeriya sun kai har Burma. Gidan da ke da ɗa a soja yana bukatar mai karanta takarda wanda ba zai baza asirin gida a gari ba.

Bayan tara, in rana ta ɗaga, sai aikin hannu da gona. Maza su tufka igiya da rama, su saƙa tabarma, mata su yi faifai da ɗinki. Makaranta takan yi 'yar gonarta ta gyaɗa ko dawa, abin da aka samu a sayi alli ko ƙwallo. Mu faɗi gaskiya, a wasu wurare iyakar da ke tsakanin gonar makaranta da gonar malam ba ta fito sosai ba, iyaye kuma sun lura. Bulala ma ta yi yawa a hannun wasu. Akwai waɗanda suka gudu daga aji saboda tsumagiya ba su ƙara komowa ba, suka tsufa ba su iya rubuta sunansu ba.

Cika ajin ma aiki ne. Da damina yaro hannu ne a gona, da kaka shi ne mai korar tsuntsu da biri. Uban da ya saki ɗa ɗaya ya tafi aji ya yi hasarar ma'aikaci, shi ya sa wasu suka fara tura maraya ko wanda ba shi da ƙarfin noma, daga baya suka ga maraya ya zama malamin asibiti. A ƙasar Dakarkari saurayi yakan yi shekaru yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, makaranta kuwa ta zo ta shiga tsakanin saurayi da wannan hanya ta zama mutum a idon dangi. 'Yan mata su ne aka fi riƙewa a gida. Inda matar malam ta iya karatu, ta tara su da yamma, nan ne aka fi samun mata masu karatu, daga cikinsu kuma aka sami shugabannin zumuntar mata na farko.

Ran Jumma'a ake biyan bashin mako. Kowa ya tashi ya kawo ayarsa da ka, a yi shifta, a yi gwajin lissafi, a ƙare da wasa da tsalle-tsalle a fili. Asabar ta wanki ce da share ɗakin sujada, wanda sau da yawa shi ne ajin kansa, sai dai a juya kujeru. Ran Lahadi kuwa aji yakan fito gaban jama'a. Makarantar Lahadi tsohuwar dabara ce, gama Robert Raikes ya fara tasa a Gloucester ta Ingila a 1780 domin yaran da ke aiki dukan mako, karatu kuma yake koya musu da Littafi Mai Tsarki. A wurinmu ranar ce yaro yakan tsaya ya karanta nassi a gaban mahaifinsa. Da yamma malam ya ɗebi manyan yara su tafi ƙauyen kusa da waƙa da hotunan labarin Littafi. Da dare kuma, a hasken aci-bal-bal, yaron da ya koyi baƙi da safe ya zama malamin uwarsa. Abin da Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora wa iyaye, su koya wa 'ya'yansu a zaune da a tafe, a tsara ta fari ya juyo ne daga ƙasa zuwa sama. Sai a tsara ta biyu aka sami gidaje irin na Timoti, inda kaka da uwa suka riga yaro sanin Littattafai.

Wannan mako bai dawwama ba. Dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kawo hukumomin ilimi na ƙananan yankuna, a shekarun da suka biyo baya kuma makarantun firamare na mishan suka koma hannunsu. Daga nan ne sunan LEA ya zauna a bakin mutane. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin UPE na firamare kyauta. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai wajen miliyan 3 suka zo. Kada mu raina wannan shiri. Ya kai makaranta ƙauyukan da mishan bai taɓa kaiwa ba, ya zaunar da ɗan Kirista da ɗan Musulmi da ɗan mai bin al'adar gargajiya a benci ɗaya. Amma an ɗebi malamai cikin gaggawa, aji ya cika ya batse, albashi ya riƙa makara. Littafi Mai Tsarki ya zama darasi ɗaya cikin jerin darussa, inda aka sami mai koyar da shi ke nan. Mako ya tsaya a Jumma'a. Malamin Litinin ba shi ne na Lahadi ba kuma, ba wanda yake bin yaro ɗaya daga allo zuwa gaban ikkilisiya ya ji ko ya iya karatu da gaske.

Da makarantun gwamnati suka raunana, ikkilisiyoyi da masu zaman kansu suka shiga buɗe nasu nazare da firamare, musamman daga shekarun 1990. Addu'ar safe ta komo, ayar haddacewa ta komo, yara suna fita tsaf cikin kayan makaranta. Sai dai abu biyu sun sake. Na ɗaya kuɗi: ajin da aka kafa domin ɗan manomi yanzu yakan fi ƙarfin aljihun manomin da baikonsa ya gina shi. Na biyu harshe: yanzu Turanci ne tun ranar farko, a wasu makarantu har akan ci tarar yaron da ya yi Hausa ko harshen gida. Muna ganin yara 'yan aji huɗu masu rera ayoyi da Turanci, a miƙa musu Littafin Hausa su kasa haɗa ba da be. Alhali an gwada wata hanya a ƙasar nan. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara dukan shekaru shida na firamare da Yarabanci, Turanci yana darasi guda, yaran kuma ba su kasa takwarorinsu ba har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke ji, ko da yake ba a cika bin ta ba. A Nuwamba 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da komawa ga Turanci a matsayin harshen koyarwa tun daga farko.

Akwai kuma abin da malaman dā ba su sani ba, wato tsoro. A 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara a watan Fabrairu, da yaran makarantar Islamiyya a Tegina a watan Mayu, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni. A Nuwamba 2025 suka shiga makarantar St. Mary ta Katolika a Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara, suka tafi da yara da malamai fiye da 200, har da ƙanana 'yan firamare. Mun gode wa Allah da aka sako su kafin Kirsimeti. Gwamnatin jiha ta rufe makarantu a lokacin, yaran da ba a taɓa ba su ma suka zauna a gida makonni. Iyayen da suka bar ƙauye saboda hari sun sani, yaron da ya bar aji zango biyu yakan manta abin da ya koya a zango uku.

Ana cikin wannan hali ne wani abu ya iso wanda malamin ajin ƙauye ya yi marmari bai gani ba. Tun farkon shekarun 1970 wasu ma'aikatan mishan suka yi nazarin nahawun harshen Dukawa aka buga, daga baya 'ya'yan ƙasa suka karɓi aikin juyi a harsuna dabam dabam, yanzu kuma akwai Sabon Alkawari cikin harsuna da dama na yankinmu. Amma littafin ba ya karanta kansa. Harsunan nan suna da wasula fiye da biyar na Hausa. A rubutun ut-Hun na wajen Rijau da us-Saare na wajen Dukku za ku ga wasu wasula da ɗan layi a ƙarƙashinsu, wanda ya saba da Hausa kawai yakan yi tuntuɓe a kansu sai an zauna an nuna masa. A gida ɗaya yau za a iske kaka mai karanta Hausa da yatsa a kan layi, da jika mai karanta Turanci, ga littafin harshensu a kan tebur cikin leda. Jadawalin makarantar gwamnati ba shi da gurbin wannan darasi, na makarantar ikkilisiya ma a wurare da yawa ba a sa shi ba tukuna. A taron dattawa da na zumuntar mata na gundumominmu ne za a yanke ko a wace rana ta mako za a sa shi, da wanda zai riƙe alli.